Ɗalibin Ilmin Kasuwanci da Ƙofar Bankin Zuba Jari



Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce a yi bayani a kan wata sana'a wadda sunanta bai cika yawo a bakin jama'ar ƙasar Hausa ba, alhali kuwa aikinta yana taɓa rayuwarsu, watau aikin bankin zuba jari. Za a duba yadda ɗalibin da ke karatun digirin farko a fannin kasuwanci, ko akanta, ko tattalin arziki, zai iya samun shiga wannan sana'a. An ɗauki ɗalibin da ya fito daga ƙasar Gaya da Ajingi a matsayin abin misali, domin halin da yake ciki shi ne halin mafi yawan ɗaliban karkarar Arewa. Abin da laccar ke son tabbatarwa shi ne, ƙofar wannan sana'a ƙarama ce, tana nesa, kuma da wuri ake buɗe ta. Yawancin waɗanda suka rasa ta ba don ƙarancin basira suka rasa ta ba, sai don labarinta bai zo musu a kan lokaci ba.

Mene ne bankin zuba jari?

Bankin da kowa ya sani shi ne na ajiya, inda ma'aikaci ke karɓar albashi, ɗan kasuwa ya ajiye ciniki, mai bukata ya nemi rance. Bankin zuba jari ba ya karɓar ajiyar talaka, ba a kuma yin layi a ƙofarsa. Abokan hulɗarsa su ne manyan kamfanoni da gwamnatoci, aikinsa kuwa ya kasu gida uku. Na farko, idan kamfani ko gwamnati na bukatar kuɗi masu yawa, bankin ne ke tsara yadda za a sayar wa jama'a hannun jari ko takardun lamuni, ya yanke musu farashi, ya nemo masu saye, wani lokaci ma ya ɗauki alkawarin saye abin da ya yi kwantai. Na biyu, idan kamfani zai sayi wani kamfani, ko biyu za su haɗe, bankin ne ke ƙiyasta darajar kowanne, ya shiga tsakani har a daidaita. Na uku, yana binciken kamfanoni da kasuwanni, ya ba masu dukiya shawarar inda ya kamata su sa kuɗinsu. Ladansa a kan wannan duka la'ada ce.

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Wudil ranar Juma'a zai ga cewa wannan aiki ba baƙo ba ne. Dillali ba shi da sa ko ɗaya, amma shi ya san mai sayarwa, ya san mai saye, ya san abin da sa zai yi a kasuwar yau, kuma da maganarsa ake sallamawa. Haka fatoma yake a zamanin fataucin goro zuwa Gwanja: shi ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa idan za a ba da bashi. Jarin dillali da na fatoma abu biyu ne, sanin kimar kaya da riƙon amana. Ma'aikacin bankin zuba jari dillali ne wanda hajarsa kamfanoni ce, kuma jarinsa bai wuce waɗannan biyu ba.

Taƙaitaccen tarihin sana'ar a Nijeriya

A shekarar 1960 aka kafa kamfanoni biyu na farko masu irin wannan aiki a Ikko, watau Philip Hill da Nigerian Acceptances Limited, waɗanda suka haɗe a 1969. A cikin 1960 ɗin ne kuma aka kafa kasuwar hannun jari ta Ikko, ta fara ciniki a 1961, aka mai da ita ta Nijeriya baki ɗaya a 1977. Ta buɗe reshe a Kaduna a 1978, a Kano kuma a 1989. Abin da ya fara haɓaka sana'ar shi ne dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, domin sun tilasta wa kamfanonin baƙi su sayar da wani kaso na hannun jarinsu ga 'yan Nijeriya, sai aka bukaci masu ƙiyasta farashi da masu tsara sayarwa. A 1979 aka kafa hukumar kula da hada-hadar hannun jari, watau SEC, wadda hedkwatarta ke Abuja, tana kuma da ofishi a Kano.

Sana'ar ta ga hawa da sauka. Bayan 1986 bankuna sun yi yawa ƙwarai, da yawansu kuwa ba su da tushe, har a Janairun 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya. A 2001 aka ba kowane banki izinin yin kowane irin aiki. A 2004 da 2005, zamanin da Farfesa Charles Soludo ke Gwamnan Babban Banki, aka ɗaga jarin kowane banki zuwa Naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, Bankin Arewa na Kano ma ya narke cikin Unity Bank. A 2010 aka sake raba aikin ajiya da na zuba jari. A watan Maris na 2024 kuma Babban Banki ya sake ɗaga jarin, har ya kai Naira biliyan 500 ga bankin da ke da rassa a ƙasashen waje. Abin lura a nan shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye aiki ne ya samar wa bankunan zuba jari, domin su ake kira su tara jarin, su kuma ƙulla haɗewar.

Ina ruwan Gaya da wannan?

Mai sauraro zai iya cewa wannan harkar Ikko ce, ba ta shafi manomin gero da wake na Ajingi ba. Amsar tana kan kwalta. A watan Satumba na 2017 Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ya fitar da sukuk na farko na Gwamnatin Tarayya, na Naira biliyan 100, mai wa'adin shekara 7. An raba kuɗin daidai tsakanin shiyyoyi shida na ƙasar, aka sa su a ayyukan hanyoyi 25. Cikin na Arewa maso Yamma akwai kashin farko na tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri, wanda ya tashi daga Kano, ya bi ta Wudil, ya nufi Shuwarin, watau hanyar da mutumin Gaya ke bi in zai shiga birni. Waɗanda suka tsara wannan sukuk, suka rubuta takardunsa, suka zagaya neman masu saye, ma'aikatan bankin zuba jari ne na FBN Merchant Bank da Lotus Financial Services.

Haka kuma, lokacin da Alhaji Aliko Dangote ya kai kamfaninsa na siminti kasuwar hannun jari a 2010, da lokacin da Alhaji Abdussamad Rabi'u ya kai nasa na siminti a 2020 da na abinci a 2022, irin waɗannan ma'aikata ne suka yi aikin. Ke nan dukiyar da Kanawa suka gina, sai an kai ta wani wuri a yanke mata farashi. Al'ummar da ta iya noma, ta iya fatauci, amma ba ta da 'ya'ya a wurin da ake yi wa dukiya kuɗi, kullum sallamawa za ta riƙa yi a kan farashin da wani ya faɗa.

Tarihin baka na Kano ya nuna cewa maƙeran Gaya, watau Abagayawa, su ne suka bar gida suka tafi Dutsen Dala neman tama, suka zauna. Sun tafi ne inda kayan aikinsu yake. Ɗalibin Gaya na yau, idan wannan sana'a yake so, wajibi ne ya san inda tamarta take. Manyan gidajenta, irin su Stanbic IBTC Capital, Chapel Hill Denham, Coronation Merchant Bank, FSDH, Rand Merchant Bank, United Capital, Vetiva, CardinalStone da Afrinvest, duk a Ikko hedkwatarsu take. Abuja kuwa tana da hukumomin gwamnati masu bukatar irin wannan ilmi, kamar SEC da Babban Banki da Ofishin Basussuka.

Guzurin da ake bukata

Abu na farko shi ne sakamakon jarrabawa. Waɗannan gidaje mutane kaɗan suke ɗauka a shekara, masu nema kuwa suna da ɗimbin yawa, saboda haka da darajar digiri ake fara tankaɗe. Galibi ana neman daraja ta ɗaya, ko ta biyu babba. Tun da makin kowane zango ana tara shi ne daga shekarar farko, ɗalibin da ya yi sakaci a aji ɗaya da aji biyu ya riga ya ɗaura wa kansa dutse, ko da ya farka a aji huɗu. Ba masu digirin kasuwanci kaɗai ake ɗauka ba. Mai lissafi ko injiniya daga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil yana iya yin takara da mai digirin akanta daga Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello.

Abu na biyu shi ne iya karanta lissafin kamfani. Kowane kamfani da ke kasuwar hannun jari doka ta wajabta masa buga rahoton shekara, ana kuma samunsa kyauta a intanet. A ciki akwai takardu uku: ta riba da faɗuwa, ta kadara da bashi, da ta shigar kuɗi da fitarsu. Ɗalibin da ya ɗauki rahoton kamfani guda na shekara biyar a jere, ya zuba alƙalumansa a Excel da hannunsa, ya gano dalilin da ya sa riba ta hau a wata shekara ta sauka a wata, ya koyi abin da lacca goma ba za ta koya masa ba.

Abu na uku shi ne ƙiyasta daraja, kuma tushensa sananne ne ga kowane manomi. Buhun gero a kaka da buhun gero a tsakiyar damina ba kuɗinsu ɗaya ba, wanda ya ajiye kuwa ya ɗauki kasadar ƙwari da ta faɗuwar kasuwa. Haka kuɗi suke: idan mutum yana iya juya Naira 100 ta zama 120 a shekara, to, alkawarin Naira 120 baɗi daidai yake da Naira 100 a hannu yau. A ɗauka, alal misali, wani yana da injin matsar man gyaɗa a Gaya yana son sayarwa. Darajarsa ba kuɗin ƙarfen ba ce kawai. Sai a ƙiyasta abin da zai kawo kowace shekara, a rage wa kuɗin shekaru masu zuwa daraja gwargwadon nisansu da hatsarinsu, a tara, sa'an nan a gwada da farashin da aka sayar da irinsa a wani wuri. Da wannan hanya ake yi wa kamfanin siminti kuɗi, bambancin kawai yawan sifiri ne.

Abu na huɗu shi ne harshe. Da Turanci ake rubuta takardun wannan sana'a, kuskuren kalma ɗaya kuwa yana iya kai banki kotu. Ɗalibin da ya tashi a makarantar gwamnati ta karkara ya kamata ya ɗauki gyaran rubutunsa da maganarsa a matsayin darasi na kullum. Hausarsa da Larabcinsa kuma kada ya raina su, domin bankin da ke neman attajiran Kantin Kwari da Dawanau su sayi takardunsa yana bukatar wanda zai yi musu bayani da harshen da suka amince da shi.

Abu na biyar shi ne jarrabawar ƙwararru. Akwai ta ICAN ta akantoci, wadda aka kafa a 1965, da ta Cibiyar Dillalan Hannun Jari, watau CIS, wadda doka ta tabbatar a 1992, da kuma CFA ta Amurka mai mataki uku, wadda ake biya da dala. Wanda ba shi da ƙarfi ya fara da ta gida. Ko mataki ɗaya ya ci kafin ya gama jami'a, ya nuna wa mai ɗaukar aiki cewa da gaske yake.

Lokaci da hanyar shiga

A Ingila da Amurka, manyan bankuna irin su Goldman Sachs da J.P. Morgan suna ɗaukar yawancin sababbin ma'aikatansu ne daga cikin ɗaliban da suka yi musu zaman koyon aiki na kimanin mako goma a lokacin dogon hutu, kuma tun shekara guda ko fiye kafin hutun ake neman gurbin. A Nijeriya tsarin bai kai haka tsauri ba, amma hanyoyin uku ne: zaman koyon aiki lokacin hutu, shekarar bautar ƙasa, da shirin horar da sababbin masu digiri, wanda ake shiga ta jarrabawar lissafi da fahimta, sa'an nan ganawa ido da ido. Wanda bai sami banki kai tsaye ba yana iya bi ta manyan kamfanonin binciken kuɗi, watau KPMG, PwC, Deloitte da EY, ko ta kamfanin dillancin hannun jari, ko na fansho, bayan shekara biyu ko uku ya ƙetara.

A nan akwai tarko guda. Tallace-tallacen ɗaukar sababbin ma'aikata sau da yawa suna ƙayyade shekaru, 26 ko 27. Yaron karkara kan makara wajen shiga jami'a, ga kuma yajin aikin malamai, wanda ya cinye wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Saboda haka wanda ya ce sai ya karɓi takardar gama bautar ƙasa zai fara tambayar hanya, yana iya tarar da an rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya. A aji biyu ya kamata a san sunayen gidajen da lokacin tallarsu, a aji uku a nemi zaman koyon aiki, a aji huɗu a riga an san inda ake fatan yin bautar ƙasa.

Ɗan Ikko yana da kawu ko maƙwabci a cikin sana'ar, ɗan Ajingi kuwa da wuya. Maganin wannan shi ne aikin da ake iya gani. Wasiƙar da ta ce a taimaka a ba ni aiki ba ta cika samun amsa ba. Amma wasiƙa gajera wadda ke ɗauke da nazarin shafi biyu a kan wani kamfani, da tambaya guda mai ma'ana, takan sa ma'aikaci ya tsaya ya karanta.

Batun riba

Akwai abin da ke hana iyaye da ɗalibai da yawa na wannan yanki ko da duban aikin banki, watau tsoron kuɗin ruwa. Wannan damuwa ce ta gaskiya, bai kamata a yi mata dariya ba. Sai dai fagen ya faɗaɗa. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba da kuɗin ruwa ba, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus Bank a 2021. Jihar Osun ta fitar da sukuk a 2013, gwamnatin Ingila ma ta fitar da na fam miliyan 200 a 2014. Sukuk ɗin 2017 an gina shi ne a kan ijara: masu saye sun mallaki kaso a cikin kadara, gwamnati tana biyansu haya sau biyu a shekara, in wa'adi ya cika ta fanshi kadarar. Tsara irin wannan yana bukatar mutumin da ya san lissafin zamani, ya kuma san babin ciniki na fiƙihu. Jami'ar Bayero tana da cibiya ta musamman ta nazarin harkar banki da kuɗi bisa tsarin Musulunci. Ke nan ɗalibin da ya yi karatun zaure kafin boko yana riƙe da rabin abin da ake nema.

Tarihin Malam Sanusi Lamido Sanusi ya isa misali. Ya gama digirin tattalin arziki a Zariya a 1981, ya shiga bankin ICON a 1985, ya tafi Khartoum ya karanta shari'a, ya koma aikin banki a UBA a 1997, ya shugabanci First Bank a 2009, a shekarar kuma aka naɗa shi Gwamnan Babban Banki, kafin ya hau gadon sarautar Kano a 2014. Gaskiya ne shi ɗan babban gida ne, ya kuma sami makarantun da ɗan manomi ba ya samu. Abin da za a ɗauka daga tarihinsa shi ne ilmin biyu ba su hana juna zama a kai ɗaya ba.

Wahala da hatsari

Ba daidai ba ne a nuna wa ɗalibi albashi a ɓoye masa wahala. Sabon ma'aikaci yakan kai tsakar dare a ofis yana gyaran alƙaluma, haya da sufuri a Ikko suna da tsada, ga nisa da iyaye. Babban hatsarin kuwa na amana ne. A 1995 bankin Barings na Ingila, wanda ya haura shekara 200, ya rushe saboda ma'aikaci guda a Singafo ya ɓoye asarar da ta wuce fam miliyan 800. A Satumban 2008 Lehman Brothers ya faɗi a Amurka, girgizar ta kai ko'ina. A nan gida, faɗuwar kasuwar hannun jari ta 2008 ta cinye ajiyar ma'aikata da 'yan fansho da yawa waɗanda aka kwaɗaita wa saye da bashi, har a Agustan 2009 Babban Banki ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. Dillalin da ya ɓoye aibin sa, kasuwa ɗaya zai ci.

Nauyin da ke kan ma'aikata da shugabanni

Ma'aikatan gwamnati suna da hannu a wannan al'amari ta fuska biyu. Ta farko, su ne ke zama gaban waɗannan bankuna idan jiha za ta ci bashi ko za ta sayar da kadara, kuma jami'in da bai fahimci takardar da aka miƙa masa ba zai sa hannu a kan abin da jikokinsa za su biya. Ta biyu, su ne ke riƙe da tallafin karatu. Kuɗin jarrabawar ƙwararru da na zaman wata biyu a Ikko ƙanƙane ne a kasafin ƙaramar hukuma, amma su ne katangar da ke tsakanin ɗalibi mai ƙwazo da wannan sana'a. Ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu, da masarauta, da ƙungiyoyin ɗalibai da na tsofaffin ɗalibai, suna iya ɗaukar nauyin 'yan kaɗan kowace shekara bisa cancanta, maza da mata, da sharaɗin kowanne ya dawo ya koya wa na bayansa.

Kammalawa

An nuna cewa aikin bankin zuba jari dillanci ne na manyan dukiyoyi, cewa ya riga ya taɓa ƙasar Gaya ta hanyar da ake bi kullum, kuma guzurinsa sakamako mai kyau ne, da iya lissafi, da harshe, da amana, da sammako. Nisa da rashin ɗan'uwa a ciki matsaloli ne na gaske, amma shiri tun daga aji biyu yana rage musu ƙarfi. Abin da ya rage shi ne ɗalibi ya buɗe rahoton kamfani na farko a wannan zango, malami ya duba masa, mai riƙe da kasafi kuma ya tuna da shi.

Allah ya sa a dace.